Malam Koya-Min da Kujera ta Uku

Ƙarfe uku da rabi na yamma, ko ana ruwa ko ana rana, za ka jiyo kekensa tun daga kwanar layi. Ba ƙararrawa kake ji ba, ƙararrawar ta mutu tun ina budurwa. Wata kujerar katako ce mai naɗewa, ɗaure da tsohuwar roba a bayan keken, tana dukan ƙarfe duk inda taya ta faɗa rami. Jakarsa na rataye a kafaɗa, a ciki akwai ɗan allo, da alli, da tsumman gogewa, da biro biyu, shuɗi da baƙi. Jan biro bai taɓa shiga jakar nan ba. Gida uku yake shiga kowace yamma, awa ɗaya a kowanne, yana koyar da yaran da makaranta ta sha musu kai. In ya iso sai ya jingine keke, ya kwance kujera, ya gaishe da kowa har jaririn da ke goye, ya roƙi ruwa kofi ɗaya, ya zauna. Haka yake yi shekara talatin da ɗaya.

A wannan watan ya ajiye alli, saboda idonsa ya gaji. Ni kuwa yau mako biyu ke nan bakina ya ƙi rufuwa don murna, har abokan aikina a ofis sun fara kewaye teburina don kada in sake ba su labarin. To tunda sun gudu, ku masu karatu ku ne a hannu. Zan faɗa muku abin da mutumin nan ya yi a gidan yayana, amma sai kun bari na fara gabatar da shi, don ba a shiga ɗaki ta taga.

Sunansa na yanka ya ɓace a unguwa, kowa Malam Koya-Min yake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In ya zauna da yaro ba ya buɗe baki ya zuba bayani kamar famfo. Sai ya buɗe littafi ya ɓata fuska, ya sosa ƙeya, ya ce shi fa wannan ta shige masa duhu, a taimaka a koya masa. Yaro ya fara inda-inda, shi kuma ya ɗauki alli ya rubuta amsar da ko ɗan aji biyu ya san ba daidai ba ce. Yaron ya yi dariya ya gyara masa. Ya sake tafka wani kuskuren, wannan karon mai ɗan wuyar ganewa, ya tsaya yana musu a kansa har sai yaron ya fusata ya kawo hujja. Kafin awa ta cika, yaron da ya shigo yana raɓe-raɓe ya miƙe tsaye yana yi wa dattijo faɗa a kan lissafi, bai ma san ya yi ba.

Sai kujerar. Sharaɗinsa ɗaya ne a duk gidan da ya shiga: kujeru uku za a jera, tasa, da ta yaro, da ta wani babba a gidan. Minti goma sha biyar na ƙarshe shi zai kame bakinsa, yaron ya juya ya koya wa babban abin da aka yi ranar. Da can mutane kan ce masa ai ba kujera, ko an kai ta gyara, ko baƙi na kanta. Shi ya sa ya samo tasa ya ɗaure a keke, ya toshe wannan ƙofar. Yakan ce karatun da ya tsaya tsakanin malami da yaro yana bin malamin ya fita in ya tashi, amma wanda ya shiga kunnen uwa ko uba ya zama ɗan gida.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Mai kemis ɗin bakin titinmu, wanda yanzu ko gaisuwa sai ya gyara tabarau yake amsawa, ya ce min da yana aji biyar ko jadawalin bakwai bai iya ba. Kakarsa ce ta zauna a kujerar, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, kuma don kunyar kada ta tambaye shi ya kasa, ya riƙa haddacewa a hanyar ɗebo ruwa. Wata mai sayar da yadi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye, ta ce shekara biyu tana rufe shago da wuri don kujerar nan, tana ƙunƙuni tana zama, yau ga shi ɗaya tana aikin jinya, ɗaya tana koyarwa. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi a lokacin shi ne in ta yi gyangyaɗi Malam ba ya tashinta, sai ya ce wa tagwayen ɗalibarsu ta yi barci, su san yadda za su yi da ita.

Malam, kai ne malamin da ya yarda ya zama daƙiƙin ajinsa don yaro ya ɗanɗana yadda sani yake. Kai ne ka shiga gidajen mutane shekara talatin da ɗaya, ka ga tukunyarsu da rigimarsu, ba a taɓa jin maganar gidan wani a bakinka ba. Na san in aka karanta maka wannan za ka ce na cika surutu. Na ji, na kuma yarda, amma yau sai ka haƙura da ni.

Yanzu mu shiga gidan Yaya. Yayana kafinta ne, shagonsa na jikin gidansa, ƙofa ɗaya ta raba su. 'Yarsa ta ƙarshe, Auta, shekararta goma sha takwas, kuma tun tana ƙarama ba ta da aiki sai zana gidaje a bayan kwali: bene, matakala, taga mai baka. Burinta ta karanci zanen gini. Amma ba a shiga wannan karatun sai an ci lissafi a jarrabawar gama sakandare, ita kuwa sau biyu tana zama, sau biyu lissafi na kayar da ita, sauran darussa duk ta haye. Ranar da sakamako na biyu ya fito Yaya ya tara mu a tsakar gida ya yanke hukunci: saura zama ɗaya. In ta sake faɗuwa, boko ya ƙare, ta koma shagon mahaifiyarta ta riƙa auna sukari da sabulu. Yaya kuwa in ya faɗi magana ta zama ƙusa a katako. Auta ba ta yi kuka a gabansa ba, ta dai tattara kwalayenta ta tura ƙarƙashin gado.

Akwai abin da ni da matarsa kaɗai muka sani. Yaya bai iya karatu ba. Yana ɗan shekara tara mahaifinmu ya rasu, ya bar aji ya shiga ɗaukar katako, kuma da guminsa na yi makarantar da yau nake taƙama da ita. Lambobin tef ɗin awo ya san su kamar yunwar cikinsa, amma harafi ko ɗaya bai riƙe ba. Sai ya sayi tabarau ya ajiye a aljihun wata riga da ba ya sawa. Duk wanda ya miƙa masa takarda, sai ya lalubi ƙirji ya ce kash, bai zo da tabarau ba, a karanta masa. Shekaru yana wannan dabara, 'ya'yansa biyar sun tashi a kanta. In an kawo masa takardar sakamakon makaranta, jan rubutu kawai yake nema, in ya gani ya hau faɗa har maƙwabta su leƙo. Ni na san tsoro ne ke sa shi faɗan, amma yaro ba ya bambance faɗan tsoro da na ƙiyayya.

Ni na kawo Malam gidan, kuma ni ce na fara neman korarsa, don bakina ba shi da linzami. Ranar farko na tsaya a ƙofar falo na ga dattijo yana sosa kai yana roƙon yarinyar da ta faɗi sau biyu ta koya masa. Raina ya ɓaci. Na ja matar Yaya gefe na ce mun ɗauko makaho ya yi wa makaho jagora, gara tun da wuri mu sallame shi. Ashe ya ji ni. Sai ya miƙe ya buɗe kujerar nan ya share ta da tsummansa, ya ce bismilla, Gwaggo, tunda kin iya ki zauna a gwada ki. Na zauna da ƙarfin gwiwa, ni mai aikin ofis. Minti biyar ba a yi ba Auta ta kama ni da kuskure biyu. Wallahi ban taɓa jin daɗin kunya irin ta ranar ba, don rabon da in ji dariyar yarinyar nan har na manta.

Wata biyu muna karɓa-karɓa, ni da uwarta. Malam ya bi lissafin Auta baya-baya kamar mai neman inda rufi ke yoyo, har ya gano ramin: tun a aji huɗu na firamare aka bar ta a baya wajen rabi da kwata, duk abin da aka ɗora daga baya a kan wannan ramin aka ɗora shi. Ya fara cikewa, tana kamawa, muna murna. Sai dai akwai abin da ya lura da shi wanda mu idonmu ya saba har ba ma gani. Da zarar an ji Yaya ya turo ƙofar shago zai shigo shan ruwa, allin hannun Auta sai ya fara rawa, abin da ta gama bayani yanzun nan ya bi iska. In ya fita sai ta dawo hayyacinta. Malam ya kira ni waje ya ce yarinyar nan ta iya, amma ranar jarrabawa da muryar babanta take shiga ɗakin, kuma muddin ba shi ya zauna a kujerar nan ba, za ta sake faɗuwa ko da shi Malam ya shekara yana zuwa.

Na san abin da kujerar ke nufi ga Yaya. Na ce Malam a bar wannan maganar, mutumin aiki ya yi masa yawa. Ya dube ni ya ce, aikin ne ko tabarau? Ashe tun makon farko ya gane, ranar da ya miƙa masa jadawalin darasi. Ya ce ba zai tona shi ba, ba kuma zai fasa ba. Ya aika a kira Yaya, Yaya ya ce yana da ƙofofi shida da za a zo ɗauka. Washegari ya ce kansa na ciwo. Rana ta uku ya aiko da saƙo mai zafi, wai shi malami aka kawo wa 'yarsa, ba a kawo masa ba, in wasan yara za a yi a nemi wani gidan. Saura wata uku jarrabawa. Na koma gida ina ta sababi ni kaɗai, na rasa wanda zan fi jin haushi tsakanin tsofaffin nan biyu.

Abin da zan faɗa yanzu da idona na gani, kuma Malam bai san na gani ba sai in an karanta masa wannan. Wata Laraba na taho daga aiki ta bayan layi, sai na hango shi a lungun da ke bayan katangar Yaya. Ya kwance kujerar, ya shafa ta kamar mai lallashin jika, ya waiga hagu da dama, ya sa ƙafarta ta baya a gwiwarsa ya danna. Sai da ya yi sau uku kafin ta karye, don katakon ya fi shi ƙarfi. Kujerar da ko ɗauka ba ya yarda a taya shi! Na toshe bakina da mayafi na laɓe. Ya tsaya ya mayar da numfashi, ya kakkaɓe riga, ya ɗauko ta a hannu ya nufi shagon Yaya da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. Ni kuma na bi bayansa kamar yanzu na iso.

Ya ce wa Yaya rami ne ya cuce shi, kuma yau ba darasi in ba kujera, ga Auta can tana jira da allo. Kafinta dai kafinta ne, ba ya iya ganin karyayyen katako ya kau da kai. Yaya ya karɓa yana mita, ya juya ta, ya ce ƙafafun baya biyun duka za a canza, in ba haka ba za ta riƙa ɗingishi. Ya zaro tef ya auna mai lafiyar, ya ce inci goma sha shida da kwata uku, biyu ke nan talatin da uku da rabi, ya juya zai ɗauko katako. Ko ƙiftawar ido bai yi ba wajen haɗawa. Malam ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, maigida. Kwata uku da kwata uku, ta ina rabi ya fito? Ni fa nan ne kullum nake ɓata. Koya min."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya yi wata dariya ta raini, ya ce yanzu wannan ne malamin da ake ta yi masa kirari? Ya shimfiɗa tef a kan benci, ya ciro fensir daga bayan kunne, ya shiga ƙirga 'yan layukan da bakin fensirin: kwata shida ke nan, huɗu sun tashi inci guda, saura biyu, biyu kuwa rabi ne, ko yaron shago ya san wannan. Malam ya ce shi har yanzu bai gane ba, ko Auta za ta rubuta masa a allo ya gani. Tana tsaye a bakin ƙofa, allo a ƙirji. Ta dubi tef ɗin, ta dubi babanta, ta rubuta a hankali, layi ɗaya, layi biyu, layi uku, ta tsaya. Sai ta ce da wata ƙaramar murya, "Baba, ai abin da ke cikin littafinmu ke nan. Kai kana yi da ka." Yaya ya ce wane littafi, shi aikinsa yake yi. Amma na ga kunnensa ya motsa, haka yake yi in an yabe shi tun muna yara.

Cikin rabin awa ya fere ƙafafu biyu ya ɗaura. Malam ya ce shi ba ya karɓar aiki sai mai aikin ya gwada da nauyinsa. Yaya ya buɗe kujerar ya zauna ya girgiza, ya ce ko giwa ta hau ba abin da zai same ta. Kafin ya yunƙura, Malam ya jawo benci ya zauna a gefensa, ya ce wa Auta ɗalibanta biyu sun hallara, saura minti goma sha biyar. Haka aka kama Yaya, a cikin shagonsa, ƙafarsa cikin garin katako. Da ta miƙo masa littafi, hannunsa ya tafi ƙirji kamar kullum, ya ce bai zo da tabarau ba. Malam ya karɓe zancen da sauri, ya ce shi ma idonsa ba ya gani da kyau, malama ta karanta musu. A lokacin na ɗauka rufin asiri ne kawai. Ban san gaskiya ya faɗa ba.

Kwana tara Yaya yana zama yana fakewa da tabarau. Rana ta goma, ina nan ina yanke farce a gefe, Auta ta rubuta tambaya a allo ta ce ya karanta da kansa, ai rubutun manya ne. Yaya ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sauke kai ya ce, "Auta, babanki bai iya karatu ba. Tabarau ɗin nan ƙarya ce."

Ta ajiye allin ta ce, "Na sani, Baba. Tun ina aji huɗu."

Ta ba mu labarin da ba wanda ya taɓa ji. A shekarar ta zana gidan bene a makaranta, malamarsu ta rubuta mata yabo da jan biro a ƙasan takardar, ta taho da gudu ta nuna masa. Ya ga ja, ya hau ta da faɗa, ya ce ta zubar masa da mutunci, ya yaga takardar. A ranar ta gane bai karanta ba, ta kuma ƙudura ba za ta taɓa bari ya san ta gane ba. Shekara tara yarinyar nan tana rufa wa ubanta asiri, shi yana ɓoye mata abin da ta riga ta sani, kowa na tsoron kowa. Yaya ya rufe fuska da hularsa. Ni da nake ganin na fi kowa taurin ido, ni na fara fashewa da kuka, har Malam ya ce Gwaggo in za ki yi ki fita waje, ana darasi.

Da Yaya ya samu bakin magana ya ce shi dai ya riga ya bushe, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam ya tambaye shi, shi da yake kafinta, da ɗanyen katako yake yin ƙofa ko da busasshe? Yaya ya yi murmushi ya ce busasshe mana, ɗanye ai murɗewa yake yi. Malam ya ce to a ba shi fensir. Daga ranar aka raba minti goma sha biyar ɗin gida biyu: Auta ta koya masa haruffa, shi ya ja ta kan benci ya nuna mata kusurwa da faɗi da tsawo a jikin katako na gaske. In ya rubuta harafi a juye ta ce a sake, ya ce yarinyar nan ta fi malaman makaranta mugunta. In ta auna ba daidai ba ya ce da a shagonsa take da tuni ya kore ta. Suna faɗa suna dariya, allin hannunta ya daina rawa, kwalayen ƙarƙashin gado suka fito. Sai dai Yaya bai janye hukuncinsa ba, ita ma ba ta roƙa ba. Ta ce a bar shi yadda yake, tana so ta ci ne ba a yafe mata ba.

Ta zauna jarrabawa, aka shiga jiran sakamako wata uku. Malam ya ci gaba da zuwa duk da aikinsa ya ƙare, wai ɗalibinsa na biyu bai gama ba. A lokacin ne muka lura yana kai littafi har kan hancinsa, yana kuma turo keken da hannu maimakon ya hau. Likita ya ce ya huta da alli da titi. Ya sallami sauran gidajensa ɗaya bayan ɗaya, ya ce namu ne na ƙarshe, zai tsaya ya ga abin da ya shuka.

Ranar Talata, mako biyu da suka wuce, da la'asar, Auta ta dawo da takardar sakamako a ninke huɗu. Ta roƙi mai shagon buga takardu ya ninke mata ba tare da ta duba ba, ta riƙo ta a tafin hannu har ta jiƙe da gumi. Muna tsakar gida, ni da uwarta da Yaya da Malam. Ta wuce ni, ta wuce uwarta, ta miƙa wa Malam. Ya warware, ya gyara tabarau, ya kai ta kusa, ya kai ta nesa, ya juya wajen haske. Muna ta kallon bakinsa. Can ya yi 'yar dariya ya ce yau kam tabarau ɗin na fuskarsa, amma sun ƙi aiki. Na miƙa hannu zan karɓa, sai na ji an riƙe min wuyan hannu.

"Kawo nan, Malam," in ji Yaya. "Ni ba na bukatar tabarau."

Ya buɗe kujerar ya zauna, ya shimfiɗa takardar a cinya, ya ɗora yatsansa mai kantar aiki a layin farko. Ya shiga karantawa, darasi bayan darasi, yana haɗa haruffa kamar mai jera katakon rufi, in ya yi tuntuɓe ya koma baya. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya yi tari. Da yatsan ya iso kan lissafi sai ya tsaya. Ya karanta a zuci, leɓensa na motsi, ya sake karantawa. Ya ɗago ya dubi 'yarsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Auta, zo ki koya min wannan. Ina tsoron ko son zuciyata ne ke karanta min."

Ta durƙusa a gefensa ta duba inda yatsan yake. Ta ce, "Daidai ka karanta, Baba."

Ba ci kawai ta yi ba, lissafin ne ma ya fi kowane darasi kyau a takardar! Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara muku shi ba. Na san dai uwarta ta zubar da kwanon da ke hannunta, ni kuma an ce na yi rawa da takalmi ƙafa ɗaya har bakin titi, mai kemis ya fito yana tambaya ko lafiya. Malam kaɗai ne bai motsa ba. Yana zaune da kofin ruwansa yana murmushi, ya ce a sake karanta masa layin, a hankali, kuma Yaya yake so ya karanta.

Malam, mun gode. Kai ne ka karya kujerarka ta shekara talatin don ka gyara gidan da ba naka ba. Ka mayar wa yarinya da burinta, ka sauke wa yayana kayan da ya ɗauka tun yana ɗan shekara tara, kayan da ni da na ci moriyarsu ban taɓa tunanin taya shi saukewa ba. Ba ka da lambar yabo, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, amma akwai gidaje a unguwar nan da in an jiyo ƙarar keke har yau sai an leƙa. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa 'ya'yan da ka koyar su riƙe hannunka kamar yadda ka riƙe nasu.

Ku kuma malamai matasa masu bin gidaje, ku zo shagon Yaya. Ya ƙera kujeru masu naɗewa guda shida, ya ce duk mai niyyar ɗaurawa a bayan kekensa ko babur ɗinsa ya zo ya ɗauka. Iyaye kuwa ba sai kun jira malami ba. Yau da yamma in yaronku ya buɗe jaka, kada ku tsaya a kansa kuna neman ja. Ku jawo kujera ku zauna ƙasa da shi, ku ce ya koya muku, ko kun iya ko ba ku iya ba.

Tsohuwar kujerar tana wajen Yaya, Malam ya bar masa. Auta za ta tafi makaranta wata mai zuwa, ta riga ta fara yi masa barazanar wasiƙa duk mako, da hannu, kuma ba ta yarda kowa ya karanta masa ba. Shi kuma yanzu ƙarfe uku da rabi yake rufe shago, ya ɗaure kujerar a bayan kekensa, ya tafi gidan Malam ya karanta masa jarida. Jiya na raka shi. Shafi ɗaya ya ɗauke su awa guda, don duk inda Yaya ya karanta daidai sai Malam ya sosa ƙeya ya ce shi bai gane ba, a koya masa.